Ranar da Ƙanwata ta Koma Kanwa

Yayana ne ya kawo mana rigimar manhaja har gida a Gyadi-Gyadi. Ya dawo daga bautar ƙasa da aƙidar cewa manhajar da ba za ka iya leƙa cikinta ba, ba taka ba ce. Kafin in ankara ya goge wadda ke kan kwamfutata ya sa buɗaɗɗiya, wai mutane ne daga ko'ina suka haɗu suka gina ta, kuma kowa na iya gyarawa.

"Yaya, in ta lalace wa zan kama?"

"Ni," ya ce, har da bugun ƙirji.

Gaskiya ta yi min aiki. Da ƙanwarmu ta gama makarantar koyon jinya, da manhajar na tsara katin walimar da zan raba wa abokan aikina a asibiti. Na kai wa wani dattijo mai buga kati a Tarauni, wanda bai yarda da komai ba sai manhajar kamfani mai lasisi. Ashe da ya buɗe aikin, duk haruffa masu lanƙwasa akwatuna suka koma. Bai tambaye ni ba, ya cike gurbinsu da k da d.

Da na kawo katin gida, Inna ce ta fara gani. Ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi: "Walimar kanwata. To ni dai mutum na haifa. In kuwa kanwa ce, a miƙo min, ɗanwake zan yi."

Muka koma shagon da Yaya, yana huci.

"Malam, manhajarku ce ba ta jin Hausa!"

"Ɗana, shekara da shekaru ina buga katin aure da ita. Taku da ba ta da uba ita ce mai jin Hausa?"

Suka yi ta musu, ni ina kan benci ina cin gyaɗa. Can Yaya ya ja kujera ya zuba wa dattijon haruffan kyauta a cikin manhajarsa ta kamfanin, suka zauna daram. Dattijon ya buga ƙ ya fi sau goma yana murmushi. Sannan ya nuna wa Yaya yadda ake daidaita launi kafin bugu, abin da tamu ta kasa, Yaya ya matso yana kallo.

Aka sake buga katin. Ranar walima dattijon ya zo da kansa, ya ci shinkafa faranti biyu.