Falfabul ɗin Inna Keziya

A Tudun Wada, in ka ji mace a kasuwa ta damƙi tumatir ta ce, "Wannan kam falfabul ne," to ka tabbata ko dai a hannun Inna Keziya ta haihu, ko kuwa a hannunta aka haife ta.

Keziya 'yar Wusasa ce. Aure ne ya kawo ta Tudun Wada, gidan Malam Kato, malamin firamare mai sanyin hali, wanda ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Charity. Aikin ungozoma kuwa tun tana budurwa ta koye shi, a wajen wata Baturiya da ba ta son yawan magana. Baturiyar takan kama hannun Keziya ta ɗora a kan cikin mai juna biyu, ta ce, "Kin ji kan yaron?" In ta ce ta ji, sai Baturiyar ta gyaɗa kai ta faɗi wata kalma ta Turanci, wadda bakin Keziya ya lanƙwasa ta koma falfabul. Ma'anarta, yadda ta fahimta, abin da hannu ya taɓa ya shaida, ba wanda aka ba ka labari ba.

Da wannan kalma ta yi aiki har ta yi ritaya. Matan unguwa da ke zuwa awo ba su san Turanci ba, amma sun lura duk lokacin da ta faɗe ta, murmushi take yi. Sai suka ɗauka wata irin albarka ce. Mace takan fito daga ɗakin awo, ƙawayenta su tare ta: "Ta ce falfabul?" In ta ce e, sai a yi hamdala.

Daga nan kalmar ta fita titi. Salmanu mahauci ya fara kiran tsokar namansa falfabul. Tela ma in ya shafa yadi mai kauri, haka yake cewa. Inna Keziya ba ta hana kowa ba, muddin abin ana iya taɓa shi. Rigimarta da 'yarta ce kawai. Charity tana koyar da Turanci a wata sakandare a Hanwa, kuma wata ran Lahadi bayan an taso daga coci, suna tsinke zogale a tsakar gida, ta ce:

"Mama, kin san kalmar nan taki ba ga abin taɓawa kaɗai ta tsaya ba? Turawa sukan faɗe ta ga abin da ya fito fili, kowa ya gani. Kamar tsoro, ko murna in ta cika ɗaki."

"Murna tana da kai ne ko ƙafa?" in ji Inna Keziya. "Kawo mini ita in lalube ta, sannan in yarda."

Suka yi dariya, kowacce ta tsaya a kan bakanta.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Malam Salisu mai gyaran keken ɗinki. Matarsa Maijidda ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, har ita da shi sun bar zancen, sun rungumi 'ya'yan 'yan'uwa. Wata safiya da damina Maijidda ta shigo, mayafi a karkace, ido ya yi ja.

"Inna, ina jin wata cuta ce ta kama ni. Cikina sai kumbura yake, ga kasala. Na kasa gaya wa Malam."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Na sha jiƙo har na gaji."

Inna Keziya ta shimfiɗa tabarma, ta wanke hannu, ta murza tafukanta don su yi ɗumi. Gwiwoyinta sun tsufa, da ƙyar ta durƙusa, amma yatsun suna nan yadda suke. Ta danna nan, ta danna can. Can sai wani abu ya zungure ta daga ciki.

"Ke Maijidda," ta ce, "cutar taki ta harbe ni da ƙafa."

Maijidda ba ta gane ba, sai da Inna Keziya ta kama hannunta ta ɗora a wurin. Ta ji. Ta fashe da kuka, tana dariya, tana salati, duk a haɗe.

Inna Keziya ba ta tsaya a nan ba. Ta sa aka tare Keke Napep, ta raka ta asibiti aka yi hoton ciki, don ta ce shekarun Maijidda suna son kulawar likita. Da labari ya isa shagon Malam Salisu, sai ga shi ya taho a guje, takalmi ƙafa ɗaya, hannu duk baƙin mai. Ya tsaya a ƙofar gidan Inna Keziya, inda suka sauka da suka dawo daga asibiti, yana ta sallama, an amsa yana sake yi. Charity ta leƙo ta dube shi, ta dubi uwarta.

"Mama, wannan murnar fa?"

Inna Keziya ta ƙare masa kallo. "To," ta ce, "wannan ɗaya dai na yarda."

A asibiti Maijidda ta haihu, mace, aka sa mata Lauratu. Ran suna Inna Keziya ta sa ankon matan gidan, ta zauna kusa da tukunyar waina tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Yanzu kowace safiya takan dogara sandarta ta zagaya gidan Malam Salisu, ta tsoma gwiwar hannu a ruwan wankan jaririya, ta ce ya yi zafi, a sirka. Lauratu kuwa ta fara rarrafe, kuma ba abin da take so kamar cire wa tsohuwar tabarau.