Matar da Yake Kira Bayan Azahar

Shekarar da muka shiga aji na shida a karatun likita aka zaɓe ni cikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai, aka ba ni kujerar kula da jin daɗinsu. Ba don haƙurina aka ba ni ba. Baki ne da ni, kuma ranar zaɓe na miƙe na wanke shugabannin da suka gabata tas, na ce sun iya shirya ƙwallo da dafa shayi, amma ba su san wanda ya kwana uku a asibiti bai runtsa ba. Aka yi ta tafi. Wani daga baya ya ce to a ba ta mu gani, aka kuwa ba ni.

A wannan ajin ne ake yin istaj, wato watannin da ake rarraba mu ƙauyuka, kowa shi kaɗai, ya yi aiki a ƙaramin asibiti ƙarƙashin majo, babban ma'aikacin jinya na wurin. Dokar makaranta a lokacin ba ta da sassauci: duk wanda ya bar istaj bai ƙarasa ba, ko da ciwo ne ya fitar da shi, shekararsa ta faɗi, sai ya maimaita. Waɗanda aka tura ƙasar Madawa da Buza da Keita ni ce a kansu, kuma ni ce mai rubuta wa makaranta idan har ya kamata a janye wani.

Na zo da tsarina, ina ta hura hanci. Kowa ya huta rana ɗaya a mako. Sannan kowace Juma'a bayan la'asar zan kira kowannensu a salula in ji lafiyarsa, in rubuta a wani littafi mai baƙin bango da na saya musamman. Har na karanta tsarin a gaban taro, aka ce ba a taɓa yin irinsa ba.

Cikin waɗanda nake kira akwai wani ɗan ajinmu, mutumin wani ƙauye na Keita, da aka tura bayan Karofan. Shiru-shiru ne, ga ƙoƙari, irin wanda idan malami ya yi tambaya muka rasa amsa sai duk mu juya mu dube shi. Mahaifinsa tsoho ne, manomi, kuma kowa a ajin ya san burin tsohon guda ɗaya ne, ya ga ranar da ɗansa zai yi rantsuwar likita. Kiransa ya fi na kowa sauƙi. In ce ina wuni, ya ce lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina ruwa, ya yi gyara. Sai in rubuta "lafiya" a gaban sunansa in wuce na gaba. Juma'a bakwai na yi haka.

Har yau in na tuna kunya takan rufe ni. Ni fa 'yar ƙauye ce, daga Azarori. Da idona na ga kakata ranar da za ta cika tana ce wa masu dubiya da sauƙi. Amma da na samu kujera da littafi sai na zauna ina gaida Bahaushe, ina rubuta amsarsa kamar sakamakon gwajin jini.

Wata 'yar ajinmu da ke Buza ce ta fara tayar min da hankali. Ta ce kowane mako ɗan kabu-kabu yana kawo musu takardar neman jini daga ƙauyen abokinmu, da rubutunsa, da sunan mace guda, amma ba a taɓa kawo macen ba. Na kira majon asibitin da abokinmu yake. Muka gaisa, na tambaye shi ɗalibina, ya ce da sauƙi. Na ce wa ya ce maka ba shi da lafiya? Sai ya ce gara in zo.

Damina ta yi nisa a lokacin. Na shiga mota daga Madawa zuwa Karofan, daga nan na hau kabu-kabu. Hatsi ya fi mutum tsayi, ya rufe hanya dama da hagu, ba abin da nake ji sai ganye yana bugun ƙafata. Mun isa rana ta kusa tsaka. Garin wayam, kowa yana gona, ko kaza ban ji ba. Asibitin yana gefen gari, ɗakuna uku da rumfa mai bencin siminti, da wani ƙaton gawo a bayansa, ba ganye ko ɗaya kamar yadda ya saba da damina. Na san halin gawo tun ina yarinya, amma ranar ban so kallonsa ba.

Majo dattijo ne mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa min tabarma, ya kawo ruwa, ya ƙi cewa komai sai na sha. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Madawa, ya tambayi iyayena, ni kuwa ina ta cika ina batsewa. Da na matsa masa sai ya ce in jira a yi azahar, zan gani da idona.

Sai ga abokinmu ya fito. Farar rigarsa tas, an goge ta har da kari. Ya rame, agogo yana yawo a hannunsa, amma ya yi murna da ganina, har ya tsokane ni wai shugaba da kanta ta zo duba talakawa. Na zauna a ɗakinsa ya duba wata mata mai zazzaɓi da wani da fartanya ta sare shi. Ban ga kuskure ko ɗaya ba. Ya ma fi ni iya ɗinki. Na fara jin haushin an taso ni a banza.

Aka yi salla aka dawo. Rumfa ba kowa, benci ya yi zafi da rana. Ya ɗauki wani kati daga aljihun rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira sunan wata mata. A hankali ya kira, yadda ake kiran wanda ake tsoron tayarwa daga barci. Ba a amsa ba. Ya sake kira. A na uku, daga bayan ɗakin haihuwa, wata murya ta ce na'am.

Wata mata ta zagayo, ta lulluɓe kanta da fuskarta da zane, ƙafafunta kaɗai nake gani, ƙafafun tsohuwa masu faso. Ta shiga ta zauna. Ya ɗaura mata abin awon jini, ya kama hannunta yana kallon agogo. Ya tambaye ta ko jinin ya tsaya, ta ce ya tsaya. Ya ce ta ƙara haƙuri, an aika Buza, jini yana hanya. Ya rubuta a katin, ta tashi ta fita yadda ta shigo. Shi kuma ya je ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa, har ruwan butar ya ƙare.

A bayan asibiti majo ya ba ni labari. Mako biyar da suka wuce wata mata ta haihu da hantsi, jini ya ɓalle. Shi majo ya tafi Buza ɗauko allurar riga-kafi, ruwan sama ya sauka, ƙorama ta cika, ba mota ba babur da zai ƙetare. Abokinmu ne kaɗai da ungozoma. Ya yi duk abin da ake yi, har da wanda ba a koya mana ba tukuna, matar ta rasu bayan azahar da kaɗan. Washegari a daidai lokacin ya fito da katinta ya kira ta. Ba wanda ya amsa, ya tsaya a rana yana kira har la'asar. Rana ta biyu ungozoma ta lulluɓa ta amsa, shi ke nan ya zama aikinta.

Duk garin sun sani, har mijin matar. Wasu na cewa mutanen gawo ne, wato iskoki, suka taɓa shi. Amma suna son shi, ba wanda zai kunyata baƙon da ya yi musu wahala, kuma majo ya san idan magana ta kai makaranta shekarar yaron ta faɗi. Sai kowa ya kama bakinsa.

Na hau dattijon nan da faɗa, abin da har yau nake nadama. Na ce mako biyar, a gabanka, ka kasa ɗaga salula? Ya bar ni na gama, sannan ya kira ni likita da harshensu, ya ce, "Lokotoro, ai ke ka kiran shi duk Juma'a. Na zaci kin jiya ga muryatai."



Ungozomar tana zaune gindin katanga tana alwala, ko da yake ta riga ta yi salla. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce kullum in ta amsa sai ta sake alwala, don ba ta son sunan mamaci a kanta, kuma ta fara mafarkin matar. Na ce Inna, to me ya sa kike yi? Ta ce, "Ɗiyata, ba ni iya jin ana kiran mutum ba a amsa ba. Amma na gaji. Ki tai da shi gida."

Na koma ɗakinsa ban san ta inda zan fara ba. Duk abin da na karanta game da irin wannan ciwo ya gudu daga kaina. Sai na yi abin da ake yi a gidan rasuwa. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na zauna ƙasa, na ce masa ya haƙuri. Ya buɗe baki zai amsa kamar yadda kowa ke amsawa, amsar ta ƙi fita. An yi zaman makoki a garin, an gaida miji, an gaida uwa, shi ba wanda ya gaida, ai likita ne. Ya sauko daga kujera ya zauna ƙasa shi ma, ya yi kuka mai yawa, ni ma na yi.

Da ya natsu na ce masa matar nan ta rasu. Ya ce ya sani, shi ya ja mata zane. Ya ce kuma ya san muryar Inna tun ranar farko, ba mahaukaci ba ne shi. Na ce to don me? Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Ran kasuwar Karofan da ta wuce Inna ba ta nan, ta tahi suna. Ni dai na kira. Anka amsa."

Na leƙa rumfa ba tare da na yi niyya ba. Ba kowa sai zafin rana a kan siminti. Daga baya na tambayi majo, ya ce gaskiya ne tsohuwa ba ta gari ranar, shi kuma yana masallaci. Ban ƙara tambayar kowa ba, ban kuma so in ji ba.

Ya roƙe ni kada in rubuta. Mako uku kaɗai suka rage masa. Ya ce ba majinyacin da ya cutu a hannunsa, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce zai daina kiran, ya rantse. Ya ce in tuna babansa, tsohon ba shi da wata shekara ta jira. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji tsoro, domin yana maganar idonsa yana komawa ƙofa. Na tuna kuma cewa duk garin nan tausayi ne ya sa suka bar shi mako biyar a haka. Na ari teburin majo na rubuta takardar, na sa hannu.

Bai yi min gardama ba. Ya ninke farar rigarsa ya sa a jaka. Mun fito bayan la'asar, mutane suna dawowa daga gona da kayan aiki a kafaɗa, suka tsattsaya bakin hanya suna kallonmu. Mijin matar ya matso ya kama hannunsa da hannu biyu, ya roƙe shi ya yafe musu, sun gajiyar da shi. Daga nan muka kama hanyar Madawa.

An yi masa magani, ya samu sauƙi na gaske. Mu kuma a ƙungiya muka jefar da littafin nan, muka koma zuwa da ƙafa, kowane ɗalibi a je a kwana biyu a wurinsa. Na yi ta faɗa da hukumar makaranta har suka yarda wanda ciwo ya fitar daga istaj ya ƙarasa ragowar makonninsa kawai. Amma sun yarda ne bayan an riga an rufe shekara, dokar ba ta hau kansa ba.

Muka yi rantsuwa ba shi. Wata biyu bayan haka mahaifinsa ya rasu. Da ban rubuta ba, da tsohon ya gani. Shi ya gama a shekarar da ta biyo baya, yana aiki yanzu, kuma bai taɓa ɗora min laifi ko da kalma ɗaya ba, da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Da za a mayar da ni wannan ɗaki, takardar nan zan sake rubutawa. Amma sau biyu ana ba ni aiki a Keita, ƙasarsu, ina neman a canza min.