Zabuwa Mai Jan Zare a Ƙafa

Shekarun baya, cikin shekarun saba'in, lokacin da nake koyarwa kuma nake zaune a Gyadi-Gyadi, na mallaki ƙaramar bindiga irin wadda ake kira ashirin da biyu. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara sosai, harsashinta kuma bai kai ɗan yatsana tsawo ba. Wajen harbin zabi da fakara da zomo, ban taɓa riƙe wadda ta fi ta ba. Lasisinta bai taɓa makara ba. Kowace Juma'a da yamma nakan shimfiɗa tsumma a tebur, in kwance ta, in shafa mata mai. Matata takan ce da ina kula da ita kamar yadda nake kula da bindigar nan, da ko mura ba ta taɓa yi ba.

A makarantar mishan na tashi, inda maɓalli ɗaya da ba a saka ba kan jawo bulala. Saboda haka ina da dokokin farauta, kuma babbarsu ita ce: kada a taɓa kunamar bindiga sai an tabbatar da abin da aka auna. Wanda ya fi shan wannan karatu shi ne abokina, wani tela da ya zo daga ƙauye bai daɗe ba, yana neman kafuwa a unguwar. Ni ne mai harbi, shi ne mai wuƙa. Da zarar tsuntsu ya faɗi sai ya ruga ya yanka kafin rai ya fita, domin naman ya halatta gare shi da sauran maƙwabtanmu Musulmi.

Wata Asabar da safe, bayan girbi, muka hau kekuna zuwa gonakin da ke bayan Tarauni. Muka hango garken zabi suna kiwo. Abokina ya ce, "Malam, waɗannan sun cika natsuwa. Zabin daji ba sa barin mutum ya matso haka."

Na ce masa ba tela ne zai koya mini zabi ba. Na auna, na harba, ɗaya ta faɗi. Ya ruga ya yanka. Ni kuwa, bisa wata dokar tawa, na zare harsashi na mayar da bindiga cikin jakarta.

Sai ga wani dattijo ya fito daga bayan tarin kara. Ya karɓi zabuwar, ya juya ƙafarta, ya nuna jan zaren da ya ɗaure mata. Tasa ce. Ya dubi abokina, wuƙa a hannu, jini a yatsu, ya ce, "Ba kai ne telan nan na bakin titin Zariya ba? Ashe da satar zabi kake haɗawa."

Abokina ya juyo ya dube ni. Kalma biyu kawai ake buƙata daga bakina: ni ne. Ina tsaye cikin gogaggen kaki da takalmi mai sheƙi, ina tunanin abin da iyayen ɗalibaina za su ce. Ban faɗa ba. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa. Sana'ar tela amana ce, domin mutane yadinsu suke bar masa su tafi. Aka fara aikowa ana karɓe kayan da ba a ɗinka ba. Kullum in na wuce, sai in gan shi zaune gaban keken ɗinki babu aiki. Yakan ce, "Malam, an tashi lafiya?" ni kuma in amsa ina duban hanya.

Juma'a ta biyu, ina shafa wa bindigar mai, matata ta ce, "Ka goge ta sosai, ita dai ba ta da tsatsa." Ta fita. Na ajiye tsumman.

Washegari na je gidan dattijon. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na harbi zabuwarka."

Ya ce, "Na sani, Malam. Na ji ƙarar, na kuma ga ramin harsashi da na fige ta. Wuƙa ba ta yin rami. Na tsaya ne in ga ko mai takalmin yana da baki." Ya ƙara da cewa shi ma bai kyauta ba da ya bar maganar ta yi nisa, amma ba shi ne ya kamata in gaya wa ba. Inda aka ji ƙaryar, can za a ji gaskiyar.

Tare da dattijon muka je shagon abokina. A ƙofar shagon, gaban masu zaman hira, na faɗi abin da na yi da abin da na ƙi yi. Abokina bai ɗaga kai daga zaren da yake sa wa allura ba. Ya ce, "Malam, ai dokar ka bi. Sai da ka yi mako biyu kana aunawa kafin ka harba."

Aka yi dariya, kuma na cancanci kowace ɗaya. Aikinsa ya dawo sannu a hankali, ko da yake akwai gidajen da ba su sake kai masa ɗinki ba, kuma wannan ban iya gyara shi ba.

Na ci gaba da horon yara a kan gaskiya har na yi ritaya. Amma tun daga ranar, duk yaron da ya tsaya gabana ya kasa cewa shi ne, nakan ajiye bulala in ba shi lokaci. Na san nauyin kalmomin nan biyu. Ni, da gemuna da takardun shaidata, sai da na yi kwana goma sha huɗu kafin na iya ɗaga su.