Yadda Kesao Mai Awara Ya Gaji Mashigar Wansa

Kesao ƙanin mijina ne, mai sayar da awara a bakin gada. Duk kwarin nan babu wanda ya kai shi nawa wajen zaɓe. Miƙa masa kofin shayi biyu, sai duka sun huce bai ɗauki ko ɗaya ba. Matar da ya aura ma ita ta gaji ta zaɓe shi.

Ranar farauta, mijina Torazo ne ke tsayawa a mashigar dutse. Masu kora su taso barewa daga ƙasa da ihu da karnuka, ita kuma ba ta da hanya sai wannan ɗan tsukin cikin kurmi. Da ya rasu aka miƙa wa 'yan sanda bindigarsa, wurin ya zama babu mai shi. Kesao ya ƙwallafa rai a kai, wai wurin wansa ba zai bar gida ba. A shekarar ce kuma ya cika shekara goman da hukuma ke sa mutum ya yi da bindiga mai watsa harsashi kafin a bar shi ya riƙe mai cin nisa.

Sai dai ba shi kaɗai ke so ba. Jinpachi mai gyaran mota ya riga ya sayo tasa: doguwa kamar tabarya, da madubin hange a gadon bayanta, harsashinta ya kai babban yatsa. Tsoho Yoshimatsu, shugaban maharba, ya ce, "Ranar buɗe farauta ku tsaya ku biyu, in gani."

Tun daga nan Kesao ya daina barci. Awara ta fara zuwa da tsami.

Ni kuwa sai na lura gorar da nake shanya a kai ta ɓace. Na ɗauka iska ce. Wata safiya na hango shi yana saukowa daga dutse, jikinsa duk ƙaiƙayi, gorata a kafaɗa, ya yanke ta daidai tsawon bindigar Jinpachi, ya ɗaure mata duwatsu don nauyi.

Na ce, "Kai, ɗan banza! A kan me zan shanya wandon jikana?"

"Yaya, gwaji nake. Ina shiga sarƙaƙiya da ita, in ɗaga kamar zan harba. In ta sarƙe, in rage ta."

"To ta sarƙe?"

"Sau nawa ma! Jiya har ta kayar da ni."

Haka ya yi ta yi. Ya ɗora awara, ya hau dutse, ya dawo ya rage taƙi guda. Matan da ke tonon dankali suka sa masa suna Maharbi Mai Gora. Jinpachi in ya zo sayen awara sai ya ce, "Abokina, wane harsashi take ci? Wake?"

Maganar harsashin ma ta ƙi ƙarewa. Ya zo ya zauna min a bakin murhu yana cewa babban yana kayar da barewa daga wancan dutse zuwa wannan.

Na ce, "Kesao, tun kana tsirara kake shiga kurmin nan. A ina ka taɓa hangen abin da ya wuce daga nan zuwa makewayi? Ga ka kamar tsinke. Babban harsashi in ya tashi, barewa ta faɗi gaba, kai ka faɗi baya, a rasa wanda za a fara ɗauka."

Bai ji daɗi ba, amma ya cinye shinkafata.

Ranar da ya shiga birni, da guntun gorar ya tafi. Mai kantin bindiga ya juya ta ya ce, "Malam, wannan ai muciya ce. Hukuma ba ta yarda da gajarta irin wannan ba." Ya ɗauko masa mafi gajarta da doka ta yarda, marar nauyi, babu madubi, harsashinta madaidaici kamar ɗan ƙaramin yatsa. Kesao ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani. Mai kanti ya ce shi zai rufe. Dole ya saye ta.

Mata ba sa hawa dutse ranar farauta, amma maza in sun sha giyar shinkafa ba sa riƙe magana, kuma a ɗakina suka sha. Wai ihun masu kora na matsowa, sai ga namijin barewa ya faso ciyawa kusa da su, har suna jin hucinsa. Jinpachi ya zabura zai ɗaga, hancin bindiga ya shige cikin igiyar daji, ya ja, ta ja. Da ya samu ya kai ido ga madubi, ganye kawai ya gani, manya-manya. Kesao kuwa tuni tasa ta hau kafaɗa. Ya danna kunama, daram!

Ya samu itace. Itace lafiyayye, wanda bai yi wa kowa komai ba. Barewa ta tsallake abinta ta wuce.

Tsoho Yoshimatsu ya daɗe yana juya kofinsa. Can ya ce, "Wanda ya harba ya kuskure, gobe hannunsa zai faɗa. Wanda kuwa yake kokawa da igiya, sai dai a nema masa fili. Jinpachi, ka koma saman tudu inda babu itace, can taka za ta yi rana. Kesao, mashiga taka ce."

Jinpachi ya ce, "Baba, itace fa ya kashe!"

"Na gani. Kai me ka kashe?"

Da aka watse, Kesao ya durƙusa gaban hoton wansa, ya kunna turare, ya haɗa hannu. Ya ce, "Yaya, na tsaya a wurinka."

Na bar shi ya share hancinsa tukuna, sannan na ce, "Faɗa masa duka. Har da itacen."