Gadon Jirgi da Barcin da Ban Yarda da Shi Ba

Mun tashi daga Tudun Fulani a Minna da asuba, ana sallame sallah direba ya danna mana oda a ƙofar gida. Ni ce da mahaifiyata, wadda ta kwana wurina don tun jiya aka kawo ta daga Beji da jakunkunanta. Ƙanwata ce ta haihu a Malesiya, inda mijinta yake koyarwa, haihuwar fari kuma, aka ce Mama ta je ta yi mata zaman jego. Ni aikina rakiya, saboda Mama ba ta jin Turanci, ga ciwon suga, ga gwiwa. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda kujerun manya suke a jirgi, ga labarin yadda na gan su.

Tun ranar da surukinmu ya bugo waya ya ce ya yankar mana tikitin bizines, wato ɓangaren manya da ke gaban jirgi, hankalina bai kwanta ba. Malamar makaranta ce ni, na san abin da albashi yake iya ɗauka. Na tambayi ƙanwata ko dai wani ɗan damfara ne ya yaudare shi a intanet. Ta yi dariya ta ce saboda gwiwar Mama ne, likita ya ce kada ta daɗe a naɗe. Mama kuwa da aka gaya mata akwai gado a cikin jirgin, sai ta ce, "Gado a sama? Wa ya roƙe su?"

Hanyar Suleja tana nan yadda kuka san ta. Mun wuce Chanchaga gari bai gama wayewa ba, daga Paiko kuma muka shiga layin tireloli, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani. Damina ce, ko'ina kore shar, sabuwar doya jibge a bakin titi. Mama ta sa aka tsaya a Lambata, ba don ta saya ba, don dai ta ji farashi. Da mai doyar ta faɗa, Mama ta kama baki ta ce ashe dillalan da ke zuwa gonarta a Beji cutarta suke yi. A nan muka karya da soyayyar doya da yaji da shayi mai zafi. Da na san abin da zai biyo baya, da na sa an ƙunsa mana wata.

A filin jirgin Abuja na miƙa fasfo ina jiran a ce tikitin jabu ne. Sai na ga an nuna mana layin da babu kowa, an kawo wa Mama keken turawa, ana ta yi mana murmushi. Ni duk wanda ya cika yi mini murmushi ban san shi ba, jakata nake ƙara matsewa. Masu bincike sun buɗe kayan Mama, ƙamshin daddawa ya tashi, ga kuka, ga kanwa, ga yajin jego. Suka ce duk abin ci ya bi manyan jakunkuna zuwa cikin jirgi, har da dambun naman da ta yi guzuri. Ta bi jakar da ido har bel ɗin da ke jan kaya ya shige da ita. Daga nan aka kai mu wani falo mai sanyi da abinci jere, aka ce kyauta ne. Sai da na tambaya har ma'aikacin ya fara jin haushi kafin na ɗauki ruwa.

Kujerar kam, gaskiya an kashe mata kuɗi. Kowa da ɗan akurkinsa, da filo da bargo da talabijin, da wasu maɓallai a gefe. Ka danna wannan baya ya kwanta, ka danna wancan ƙafa ta miƙe, ka riƙe na ƙarshe ta shimfiɗe ta zama gado. Namu biyu ne a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa, da wani allo a tsakani da ake ɗagawa ko a sauke. Mama ta dafa maɓalli da gwiwar hannu ba ta sani ba, kujera ta fara tafiya da ita. Ta yi salati ta riƙe ni. Tun daga nan ta naɗe hannuwa a cinya ta ce kowa ya tsaya a inda yake.

Aka kawo tawul mai zafi, ta ƙi karɓa, wai wa ya san fuskar wa ya goge. Aka kawo abin sha a tire, lemo da giya a kofuna iri ɗaya, ta kawar da kai. Da abinci ya zo, akwai wani nama ja-ja yankakke siriri a gefe. Ma'aikaciyar jirgin ta ce kifi ne, kuma duk abincinsu halal ne. Na fassara wa Mama. Ta ce, "Malama, duk mai talla haka yake cewa." Malama take kirana, ba ta faɗin sunana don ni ce 'yar fari. Da ƙyar ta ci ɗan burodi. Ni ma ban fi ta ba, sai da na juya kowane yanka da cokali kafin na kai baki. A wannan jirgin na farko babu wanda ya runtsa a cikinmu. Ita tana zaune tsam da carbinta, ni kuma na kwanta na tashi, don na kasa sakin jiki in miƙe a gaban mazan da ban sani ba.

Mun sauya jirgi a wani birnin Larabawa. Filin jirginsu ya fi wata unguwa girma, kuɗin shayi kofi ɗaya kuma zai ciyar da gida a unguwar Sauka Kahuta ta Minna. Na roƙi Mama ta ci wani abu a falon jira, ta ce cikinta a cushe yake, sai an shiga jirgi.

Jirgi na biyu shi ne mai dogon zango. Da aka tashi, Mama ta ce in ɗaga allon nan na tsakaninmu, don wani mutum daga can gefe yana iya hango ta. Na ɗaga. Abinci ya zo, na leƙa ta sama na ga ta rufe farantinta da adiko. Na ce ta ci? Ta ce ta ci. Na ce maganin suga fa? Ta ce ta sha, ai ba ta wasa da shi. Ta ce in shimfiɗa mata gadon, bayanta ya gaji, in kuma tashe ta in lokacin sallah ya yi. Na yi mamaki, na ji daɗi kuma. Na ce a raina, to, kuɗin surukinmu bai tafi a banza ba.

Suka sauke marfin tagogi duka, suka rage fitila, alhali a waje rana ce tsaka. Daren ƙarya suka haɗa mana. Na shimfiɗa nawa gadon. Ga gaskiyar abin da na ji: baya yana miƙewa sosai, katifar tana da ɗan tauri mai daɗi, amma ramin da ake cusa ƙafafu matsattse ne, in za ka juya sai gwiwa ta bugi bango. Bel ɗin kujera kuma dole a ɗaure shi ta saman bargo, sai ka ji kamar buhun da aka ɗaure a bayan mota. Iskar ciki tana busar da maƙogwaro. Duk da haka gajiya ta fi ƙarfina, barci ya kwashe ni.

Ƙishirwa ce ta tashe ni. Na nemi ruwa, ma'aikaciyar ta kawo tana fara'a, ta ce mahaifiyata ta fi kowa morar kujerar, ko motsi ba ta yi ba, har jirgi ya yi girgiza ba ta farka ba. Ta ce haka gadajen nan suke yi wa mutane. Yabo take yi, amma ni gabana ne ya faɗi. Mama barcin zomo gare ta. A Beji akuya ta taka ganye a bayan ɗaki sai ta ce wane ne. Macen da ta wuni tana zargin tawul ba za ta saki jiki haka a cikin baƙi ba.

Na sauke allon. Tana kwance rigingine, abin da ban taɓa gani ba, don kullum a gefen dama take kwanciya da hannu ƙarƙashin kunci. Mayafinta ya zame, furfurarta a waje, ba ta gyara ba. Na ce, "Mama, lokacin sallah ya yi." Shiru. Na taɓa goshinta, sai na ji gumi mai sanyi sharkaf, a cikin wannan sanyin na jirgi. Na girgiza ta da ƙarfi. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ce a kore kaji daga kan gyaɗa.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce wa ma'aikaciyar suga gare ta, a kawo lemo mai zaƙi. Murmushin ya ɓace daga fuskarta nan take, ta ruga. Wata ta kunna fitila, wata ta ɗago kujerar, aka yi sanarwa ko akwai likita a cikin fasinjoji. Na zaro abin gwajin suga daga jakata, na kasa ma soka mata allurar. Wata mata mai lulluɓi ta fito daga can baya, inda talakawa irina suka saba zama, ta ce ita likita ce. Ta karɓa ta gwada, ta ce sugan ya faɗi ƙasa sosai. Ta duba ta ga Mama tana iya haɗiya, ta riƙe mata kai tana ba ta lemon kaɗan-kaɗan, ni ina kiran Mama ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sauran manyan kuwa kowa yana cikin akurkinsa da ƙyalle a ido, da yawansu ba su ma san ana yi ba.

A hankali idonta ya dawo. Abin da ta fara yi shi ne jawo mayafi ta rufe kai. Sannan ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ce, "Malama, me ya ɓace?" Na fashe da kuka da dariya a haɗe. Likitar ta tambayi abin da ta ci. A nan gaskiya ta fito: tun doyar Lambata, in ban da ɗan burodin nan, babu abin da ya shiga cikinta, amma magani ba ta fasa sha a kan lokacinsa ba. Farantin da ta rufe da adiko ko taɓa shi ba ta yi ba. Likitar ta ce da an bar ta har a sauka, da labarin ya canja. Ta sa aka kawo shinkafa da kaza, ta yi bisimilla da ƙarfi ta ɗebi cokali ɗaya ta ci a gaban Mama. Sai ga Mama ta karɓi cokali. Ta cinye tas, ta ce gishiri bai ji ba. Sauran tafiyar a zaune muka yi ta, allo a sauke, hannunta cikin nawa.

Malesiya ƙasa ce mai zafi da ruwan sama kamar an buɗe famfo, titunansu sumul, abincinsu shinkafa safe da rana da dare. Washegari surukinmu ya kai Mama asibiti aka duba ta, aka gyara mata lokutan shan magani. Jaririyar kuwa kamar an tsaga kara da ƙanwata. Mama ta ɗauke ta ta manta da gwiwa, kafin mako ya zagayo gidan ya cika da ƙamshin kunun kanwa. Hutuna ya ƙare, na bar su a can na kamo hanya ni kaɗai.

A dawowa na ce yanzu zan gwada gadon da hujja, ba ni da wanda zan duba. Na ci, na sha ruwa, na shimfiɗa. Sai idona ya faɗa kan wani dattijo Bature a tsallaken hanya, shi kaɗai, ya ture abincinsa ya ja bargo. Shi ke nan barci ya gudu. Ina kwance ina kallon bargonsa, in ya ɗaga ya sauka in ji sanyi, in ya daɗe bai motsa ba in tashi zaune. Har na yi kamar zan je banɗaki na tsaya a kansa ina sauraron numfashi. Ashe idonsa biyu. Can sai ga ma'aikaciya ta durƙusa kusa da ni, ta ce cikin ladabi, bawan Allahn nan yana ƙorafi wai wata mata tana ta leƙensa, yana tsoron ko jakarsa take so. Kunya ta rufe ni. Na ba da haƙuri, na ja bargo har ka, daga nan ne ma na samu na yi barci mai nauyi har muka kusa sauka.

Na iso Minna da la'asar, yara suka yi ta tsalle, maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, kowa tambayarsa ɗaya, wai da gaske ana barci a sama kamar a gida? Na ce ana yi, kuma mai ciwon baya ko gwiwa zai sauka yana godiya. Amma an gina kujerar ne don kada kowa ya dame ka, kuma tsoho mai ciwo yana bukatar mai damunsa. Ma'aikatan suna da kirki, sai dai ba su san yadda mahaifiyarka take kwanciya ba, kai ne ka sani. In za ku raka iyayenku, ku sa musu abincin da suka yarda da shi a jakar hannu, ku ga loma ta shiga baki da idonku kafin a sha magani, kada kuma ku yarda a ɗaga allo tsakaninku ko da su suka nema. Gara su sauka suna yi muku faɗa.