Inna Yalwa da Kududdufin Bayan Gida

Abu na farko da na lura da shi da muka isa gidanmu na gado a unguwar Sheshe ranar Asabar shi ne dokin ƙofa. An ƙara masa layi biyu na bulo, sai da na tattare hijabina kafin na tsallaka. Daga Gwammaja muka zo don yi wa kakata addu'a, Hajiya Yalwa, wadda muke kira Inna. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare lokacin, yanzu ina aji biyu a babba.

A bayan gidan akwai kududdufi. Ba zan yabe shi ba. Leda ce cike a ciki, ga sauro, ga wari idan zafi ya yi zafi. Amma duk ruwan saman da ya sauka a lungunmu can yake tafiya. Inna ta san hanyarsa kamar yadda ta san hanyar ɗakinta. Da hadari ya haɗu, takan ɗauko wata sandar gora ta zungure rariya, tana lissafa gidajen da ruwansu ke bi ta ƙarƙashin katangarmu. Gida na ƙarshe shi ne na Baba Talatu mai ƙuli-ƙuli, wadda ƙofarta ta fi ta kowa gangarawa.

A shekarar da za ta rasu aka zo da maganar cike kududdufin a kafa sola mai ba da wutar lantarki. Masu awo sun zo ne tsakiyar rani, ƙasa ta tsattsage, awaki na yawo a ciki. Suka rubuta fili ne da ba a amfani da shi. Aka kira taron jin ra'ayi a ƙofar gidan mai unguwa bayan La'asar. Kamar yadda aka saba, maza ne suka je. Su kuwa mazan lungunmu a kasuwa suke wuni. Idan an yi ruwa, kafin su dawo mata sun riga sun kwashe shi da bokiti.

Inna ta ba ɗanta, Kawu Sani, saƙo guda: ya ce su dawo da damina su sake dubawa. Ina zaune ina tsince shinkafa ya dawo.

"Ka faɗa musu?"

"Inna, wuri ne fa na manya. Ga mai unguwa, ga injiniyoyi. Sai in miƙe in ce babata ta ce?"

"To wa ya kamata ya ce? Kai da ko rariyar gidanku ba ka san inda ta kalla ba."

Kawu ya yi dariya, ya ce kowa ya sa hannu, shi ma ya sa. Inna ba ta sake tayar da maganar ba. Kafin a gama aikin ta rasu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wurin yau. Ina jin wasu abubuwan za su yi mata daɗi. Injin markaɗen bakin titi ya daina hayaƙin da ke sa ta tari. Teloli na aiki ba yankewa. Sauro ya ragu. Ba ta ƙi wuta ba, ita da ke son ruwan sanyi. Sai dai wayar da ta fito daga solar ta bi ta saman rufinmu ta wuce shagunan titi. Lungu ya sami fitila ɗaya a kan sanda, da kuma ruwan da ba shi da wurin zuwa. Da damina ta biyu ɗakin Baba Talatu ya faɗi. Yanzu a ɗaya ɗakin take kwana tare da kaskon suyarta. Wanda ya iya ya ɗaga ƙofarsa da bulo, kamar Kawu, ruwan kuma ya ƙara gangarawa wurin wadda ba ta iya ba.

Inna ba ta bar rubutu ba. Kayanta an raba. Sandar gorar ma an yi ta cire yanar gizo da ita har ta karye. Abin da na ga ya rage nata shi ne matan lungu sun ci gaba da zungure rariya idan hadari ya taso, kuma har yau ba wanda ya tambaye su komai.

Ba a cike kududdufin duka ba, an bar wani yanki ta gabas. Shi ne ke riƙe ragowar ruwan. Ranar Asabar ɗin, bayan an shafa addu'a, Kawu ya ce za a cike shi a ƙara sola, taro kuma mako mai zuwa ne, a ƙofar gidan mai unguwa. Na leƙa ta ƙofar baya. Maza biyu na jan igiyar awo a busasshiyar ƙasa, wata mata daga ofishin kula da muhalli na tsaye da fayil tana rubutu. Rani ne yanzu ma.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Na daɗe a tsaye kafin na ƙarasa wurinta na durƙusa na gaishe ta. Na yi magana, ba ta ji ba.

"Ɗaga murya mana, 'yan mata. Ba cizo nake yi ba."

Na ce, "Anti, don Allah kafin ki gama rubutun nan, ki shiga gidan can na ƙarshe ki tambayi Baba Talatu inda ruwa ke kai mata da damina. Ke mace ce, ba sai an yi miki iso ba."