Famara da Farin Fenti

Famara Ndong bai taɓa barin wani abu ya fita daga hannunsa fari ba. Shi ke yi wa kwale-kwalen garinmu fenti a nan Salum, ja kan kore, kore kan rawaya, kuma da haka ya yi suna. Ko turmin matarsa Nyilan bai tsira ba.

Tsuntsayen teku, fararen nan masu baƙar hula, sun daina zuwa tsibirin yashi yin ƙwai, don mun cinye na iyayensu da na kakanninsu. Gwamnati ta hana ɗiban ƙwai, amma ba wanda ya sanar da tsuntsayen. Sai ma'aikaciyar gandun daji mai kula da tsibirin, Madam Fay, ta ce a sassaƙa tsuntsayen katako a jera a tsibirin, na gaske su gani su ɗauka 'yan'uwansu sun dawo, an shirya. Famara ne ta ba aikin.

Ya sassaƙa, ya yi musu fenti yadda ya saba, ɗaya har da sunan shehinsa a fiffike. Tsuntsayen suka zo, suka yi shawagi, suka wuce Gambiya.

"Kawu, farare nake so," in ji Madam Fay. "Fari da baƙin kai, shi ke nan."

"'Yata, fari ai shafen farko ne. So kike a ce Famara ya tsufa, ya fara barin aiki a rabi?"

"Tsuntsu fa za a ruɗa."

"To tsuntsun ba shi da ido ne?"

Nyilan tana gyaran kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yana da shi, maigida. Shi ya sa ya gudu."

A ɗaki Famara ya shafe su fari da baƙin kai, ƙofa a rufe, ya sa aka kai su tsibirin cikin buhu. Da lokaci ya zagayo tsuntsaye suka sauka, suka yi ƙwai. Wani namijin tsuntsu ma kullum sai ya kai wa wata 'yar katako kifi, ya tsaya jiran amsa.

Madam Fay ta zo wurin shan ataya ta yaba masa a gaban jama'a. Famara ya kurɓi shayinsa, ya ce shi bai san wanda ya yi su ba, ya dai ji an ce daga Dakar aka kawo. Har yau haka muke cewa idan yana kusa.